Audu Bako: Ɗan sandan da ya kai ruwa Kadawa, mata suka mayar da shi rufin asiri

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a watan Fabrairu, lokacin da ciyawa ta bushe ƙayau a ko'ina, da ya iso Kura zai ga ƙasa ta canza launi. Hagu da dama kore ne shar: ga alkama, ga tumatir, ga albasa da masara, ruwa na bin magudanai kamar ana tsakiyar damina.

Idan matafiyin ya ratse ya shiga cikin gari, zai ga wani abu da ba a hangowa daga titi. Hayaƙi na tashi daga bayan katangu, an baza shinkafa a tsakar gida da bakin hanya tana shan rana, yara mata na fitowa daga zaure ɗauke da farantan talla.

Ruwan da ke cikin magudanan yana da tarihi, kuma ana danganta shi da mutum ɗaya: Alhaji Audu Bako, gwamnan farko na Jihar Kano, wanda ya rasu a 1980. Shi kuwa hayaƙin bayan katanga aikin dubban mata ne da ba a rubuta sunansu a jikin kowane allo ba. Tarihin mutumin ba ya cika sai an haɗa da nasu.

Yaron bariki

An haifi Audu Bako a 1924 a barikin 'yan sanda na Kaduna. Mahaifinsa ɗan sanda ne da ya shafe fiye da shekara 30 yana aiki, don haka yaron ya buɗe ido ne a cikin ƙarar bigila da fareti.

Ya yi karatu a Kaduna, sannan ya wuce Makarantar Midil ta Zariya. A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya bi sawun mahaifinsa ya shiga aikin ɗan sanda.

Ya koyar da dokokin aiki a Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna. Daga baya ya kai muƙamin mataimakin kwamishina, aka ɗora masa kula da 'yan sandan En'e na Jihar Arewa baki ɗaya, wato waɗanda jama'a suka fi sani da 'yan doka.

Wannan aiki ya sa ya san yadda mulkin sarakuna da hakimai ke tafiya, ya kuma san halin da talaka ke ciki lokacin karɓar haraji da jangali. Bai karanta aikin gona ba, bai karanta aikin injiniya ba. Da wuya a samu wanda ya yi tsammanin sunansa zai ƙare a jikin madatsun ruwa.

Sabuwar jiha

A ranar 27 ga Mayun 1967, ƙasa na dab da faɗawa yaƙin basasa, Yakubu Gowon ya raba Nijeriya zuwa jihohi 12. Aka naɗa Audu Bako, wanda ba haifaffen Kano ba ne, ya zama gwamnan sabuwar Jihar Kano. A lokacin jihar ta haɗa har da ƙasar da ta zama Jigawa a 1991.

Ya jawo mutanen da suka fito daga ɓangarorin siyasa masu hamayya da juna ya zaunar da su a majalisa ɗaya. Cikin kwamishinoninsa akwai Alhaji Maitama Sule da Alhaji Tanko Yakasai da Alhaji Aminu Dantata da Alhaji Inuwa Dutse. A 1969 ya yi wa tsarin En'e garambawul, abin da ya rage ƙarfin da masarautu ke da shi a harkar mulki.

Jihar da ya karɓa tana cikin mafiya cunkoson jama'a a ƙasar. Arzikinta ya dogara ne da gyaɗa, dalar gyaɗa kuwa ta dogara ne da damina ta wata huɗu.

Da an gama girbi, aiki ya ƙare. Maza majiya ƙarfi su bazu cin rani a birane. Wanda ke da fadama ya yi ɗan lambu da jigo, yana ɗebo ruwa guga-guga. A gida kuwa a bar mata da yara da tsofaffi, suna auna abin da ke cikin rumbu, ko zai kai su faɗuwar ruwa.

A irin waɗannan watanni, sana'ar mace ce ke riƙe tukunya. Kaɗin zare, wanda masaƙa da marinan Kura ke buƙata don baƙin yadin da Buzaye ke saye, da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da daddawa da fura, su ne ke kawo kuɗin cefane idan maigida ya yi nisa.

Daga Bagauda zuwa Tiga

Lissafin gwamnan mai sauƙi ne. Kogunan Kano na cika su tumbatsa da damina, ruwan ya wuce gabas, da rani kuma su koma rairayi. Idan aka tare ruwan, manomi zai yi noma sau biyu a shekara.

A 1969 aka fara gina madatsar Bagauda, wadda ta ba gonakin gwaji na Kadawa ruwa. Ganin abin ya yi kyau, sai aka shiga babban aiki: madatsar Tiga a kan Kogin Kano, wadda aka kammala a 1974. Tsawon bangonta ya kai kusan kilomita 6, tana kuma iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2.

Ana cikin ginin ne farin shekarun 1972 zuwa 1974 ya afka wa yankin Sahel. Dabbobi suka mutu, amfanin gona ya ƙone, mutane suka yi ta kwararowa daga arewa suna neman abinci. A 1975 kuma cuta ta cinye gyaɗa. Waɗanda ke ganin madatsun ɓarnar kuɗi ne suka rage murya.

Wani kamfanin ƙasar Holan ne ya tsara Shirin Noman Rani na Kogin Kano. Kashi na farko an yi niyyar ya shayar da kimanin hekta 22,000 a ƙasar da yau ta faɗa ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam.

Abin da ya sa shirin ya daɗe yana aiki shi ne ba ya buƙatar injin turo ruwa. Tiga tana kan tudu, gonakin suna gangare. Ruwa na bin babbar magudana ya biyo ta Ruwan Kanya, ya rarrabu cikin ƙanana har ya isa kunyar manomi.

Bayan waɗannan, an tsara wasu madatsun a sassan jihar, irin su Tomas da Jakara da Gari da Watari, waɗanda aka ƙarasa bayan ya bar mulki. A birni kuma ya bar gidan zu da sakatariyar gwamnati, waɗanda har yau ake kira da sunansa, kamar yadda ake kiran kwalejin aikin gona ta Dambatta.

Waɗanda ba a sa a lissafi ba

Lokacin da aka zo shimfiɗa gonakin, an karɓi filaye, an baje su da manyan motoci, an cire kason hanyoyi da magudanai, sannan aka mayar wa masu su. Akasarin sunayen da suka shiga rajista na magidanta maza ne. Su ake kira taro, su ake ba taki da iri, su malaman gona ke yi wa bayani.

Musulunci ya ba mace gadon gona. Sai dai a ƙauyuka da dama, ɗan'uwanta ko mijinta ne ke nomawa, ita kuma a ba ta abin da ya sawwaƙa. Shirin bai taɓa wannan al'ada ba, ya ɗora gini ne a kanta.

Baje ƙasar ya kuma tafi da itatuwa. Ɗorawa da kuka da tsamiya da kaɗanya, waɗanda injiniya ke gani a matsayin cikas ga tarakta, jarin mata ne. Daga ɗorawa ake samun kalwar daddawa, daga kuka ake samun miya, daga rassan da suka bushe ake samun itacen girki. Bayan an sare su, abin da mace ke tsinta kyauta ya koma sai ta saya.

Wata mai bincike, Cecile Jackson, wadda daga baya ta koyar a Jami'ar East Anglia da ke Ingila, ta zauna a yankin a shekarun 1970, ta kuma fitar da littafi a kan shirin a 1985. Ta gano cewa ruwan bai zo wa mata da fuska ɗaya ba.

Matan Musulmi, har da waɗanda ke cikin kulle, da yawansu sun samu ƙarin ciniki. Gonaki sun cika da 'yan ƙwadago da rani, kuma ɗan ƙwadago sai ya ci abinci. Mai ƙosai da mai fura da mai dafa-duka suka samu kasuwa a watannin da a da babu kowa a gari. Waɗanda ke fita kuma suka samu aikatau a girbin alkama da shiƙa da kala.

Matan Maguzawa, waɗanda dama su ke noma da hannunsu, abin ya fi zo musu da nauyi. Aikin gandun miji ya ƙaru, lokacin da suke da shi na kula da tasu gayaunar da sana'arsu ya ragu.

Ranar da mata suka ajiye kwando

A 1977, shekara biyu bayan Audu Bako ya bar gidan gwamnati, wani abu ya faru a Kadawa da masu tsara shirin ba su hango ba.

Wani kamfanin ƙasar waje ya karɓi fili yana noman kayan lambu da ake kai wa kasuwannin Turai. Aikin tsinka yana son hannu da haƙuri, don haka mata aka ɗauka, akasari dattijai da zawarawa da waɗanda ba sa kulle. An ɗauka cewa matan ƙauye za su karɓi duk abin da aka miƙa musu.

Matan suka duba wahalar, suka duba ladan, suka haɗa baki suka daina zuwa aiki. Ba su da ƙungiyar ƙwadago, ba su da sakatare ko takardar koke. Abin da suke da shi shi ne zumuncin da suka saba da shi a biki da adashe da ƙawance, da kuma sanin cewa kayan lambu ba ya jiran kowa idan ya nuna.

Jackson ta rubuta labarin wannan yajin aiki a 1978, ya kuma zama abin da masu nazarin rayuwar matan karkara a Afirka ke yawan komawa gare shi. Ya nuna cewa matan sun san darajar guminsu tun kafin a fara shirya musu tarukan wayar da kai.

Hayaƙin bayan katanga

Da farko alkama aka fi sa wa rai a shirin. Da tafiya ta yi tafiya, shinkafa da tumatir suka karɓe fage, Kura kuma ta zama ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin shinkafar gida a Arewa.

Tsakanin gona da injin casa akwai wani mataki da ya zama na mata: turara shanshera. Ana wanke ta, a jiƙa ta a ruwan zafi ta kwana, a tsame a turara a manyan tukwane ko rabin duro, sannan a baza ta sha iska da rana ana juyawa.

Aikin yana son gwaninta. Idan turarin bai yi ba, ko shanyar ta wuce kima, ƙwayar za ta kakkarye a inji, farashi ya faɗi. Hannun mai turarawa ne ke raba shinkafar da za a yi rububinta a kasuwa da wadda za a taya da wulaƙanci.

Da kuɗin wannan aiki, da na taliya da gurasa da alkaki, da na yanka tumatir a shanya lokacin da ya yi araha, mata ke zuba adashe. Idan kwasa ta zo, a sayi akuya ko tunkiya. Ranar da yaro ya kwanta zazzaɓi, ko buhun masara ya ƙare kafin kaka, akuyar ce ke zuwa kasuwa.

Wannan shi ne abin da ke tsakanin gidaje da yawa da matsanancin talauci. Kuɗin maigida na zuwa ne a dunƙule bayan girbi, kuma bashin taki da na 'yan ƙwadago na jiransa. Na uwargida kaɗan ne, amma kullum yana shigowa, kuma mafi yawansa a bakin yara yake ƙarewa.

Duk da haka, kaso mafi tsoka na ribar ba ya tsayawa a hannunta. Mata da yawa ba su da jarin sayen shanshera tasu, don haka 'yan kasuwa ke kawo musu su turara a biya su ladan buhu. Su ke shan hayaƙi da zafin wuta, mai kaya da mai inji da dillali su raba abin da ya fi yawa.

Ɗaya gadon

Audu Bako bai tsaya ga ruwa ba. An san shi da tsayawa kai da fata a kan karatun 'ya'ya mata, a lokacin da iyaye da yawa ke ganin makarantar boko hanyar lalacewar yarinya ce.

Bai kawo hujjarsa daga Turai ba. Ya kafa ta ne da koyarwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya soki malaman da ke koyar da almajirai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, wanda kuma 'yarsa Nana Asma'u ta kafa tsarin 'yan taru don kai ilimi ga matan karkara. Da wannan hujja gwamnatinsa ta buɗe wa 'yan mata makarantun firamare da sakandare da na horon malamai.

Dabarar ta yi aiki, domin ba wanda zai fito a Kano ya ce Shehu bai san addini ba. Daga irin waɗannan makarantu aka samu malamai mata da ma'aikatan jinya da ungozomomi, waɗanda suka sa wasu iyayen suka saki jiki.

Sai dai a ƙauyukan noman rani, gadon nasa biyu sun zo suna jan yarinya ɗaya.

Macen da ke cikin gida ba ta zuwa bakin gona ko tasha da kanta. 'Yarta ce ƙafarta. Ita ke kai abinci wurin 'yan ƙwadago, ita ke kai niƙa, ita ke juya shanya, ita ke karɓo bashi. Gwargwadon yadda ruwa ya haɓaka cinikin uwa, gwargwadon yadda ake buƙatar yarinyar a lokacin da ake kaɗa ƙararrawar makaranta.

Uwar ba mugunta take yi ba. Daga ribar tallan ake tara kayan ɗakin yarinyar, kuma a al'ada wannan nauyi a wuyan uwa yake. Tana zaɓa ne tsakanin ribar da take gani yau da ta karatun da sai bayan shekara goma.

Amma yarinyar da ta tashi a talla, aka aurar da ita ba ta iya karatu da lissafi a rubuce ba, ita ma za ta zauna a bakin tukunyar turari tana karɓar ladan buhu, ta kuma aiki tata 'yar. Haka talauci ke bin jini ko da ruwa na gudu a ƙofar gida.

Saukarsa da abin da ya biyo baya

A watan Yulin 1975 sojoji suka kifar da gwamnatin Gowon, Murtala Muhammad ya hau mulki. Aka sauke dukkan gwamnoni, Sani Bello ya gaji Audu Bako a Kano.

Sabuwar gwamnati ta binciki dukiyar gwamnonin 12. Biyu kawai binciken ya wanke, Mobolaji Johnson na Legas da Oluwole Rotimi na Jihar Yamma. Audu Bako na cikin sauran goman. Ya koma tsohuwar Jihar Sakkwato ya kama noma, har Allah Ya yi masa rasuwa a 1980.

Madatsun ma sun bar tabo. Dubban mutane sun tashi daga gidajensu da gonakinsu lokacin da ruwan Tiga ya taru. Can ƙasa kuma, a fadamun Haɗeja da Nguru, ambaliyar shekara-shekara da manoma da masunta da makiyaya suka dogara da ita ta ragu, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa. Masana da dama sun yi lissafin cewa abin da mutanen can suka rasa ba ƙarami ba ne idan aka gwada da abin da aka samu a sama.

A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, shirin ya koma hannun Gwamnatin Tarayya. Shekaru suka bi, magudanai suka cushe, wasu gonakin suka daina samun ruwa, har sai da aka yi babban gyara ƙarƙashin shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014.

Duk da wannan, a bakin mutanen Kano sunan Audu Bako na cikin na gwamnonin da aka fi tunawa da alheri. Dalilin a fili yake: abin da ya gina ana cin moriyarsa bayan shekara 50.

Aikin da ya rage

A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce 'yan Nijeriya miliyan 133 na fama da talauci ta fuskoki da dama, wato rashin abinci da lafiya da ilimi da muhalli mai kyau. Fiye da miliyan 10 daga cikinsu a Jihar Kano suke. Ruwa kaɗai bai kori talauci ba, ko a jihar da ke da madatsu da yawa.

Abin da tarihin Kura da Bunkure ke nunawa shi ne inda igiyar ta ɗaure. Idan mace ta samu jarin sayen shanshera tata, da tukunyar turari mai cin itace kaɗan, da ƙungiyar da za ta sayar da kaya a dunƙule, mai saye ne zai zo ƙofarta. Ranar da ciniki ya daina dogara da farantin talla, ranar ce yarinya za ta samu zama a aji.

Idan kuma yarinyar ta yi karatu, ita ce gobe za ta rubuta lissafin ƙungiya, ta karanta takardar rance kafin a dangwala, ta nemi a sa sunanta a rajistar gonar da ta gada.

Audu Bako ya fara ayyukan biyu a lokaci guda. Na ruwan an gama shi cikin 'yan shekaru, domin ƙasa da dutse ba sa gardama. Na karatun 'ya mace har yanzu ana kai.

Gobe da asuba za a buɗe ƙofar ruwa a Tiga kamar kullum. A Kura da Bunkure mata za su hura wuta a ƙarƙashin tukwane, yara mata kuma za su fito daga zaure, wasu da jakar littattafai, wasu da faranti a ka.